Mutumin Garin da Ake Binne Inabi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Yusufu, tafintana, Musulmi ɗan ƙasar China, wanda Hausawan Guangzhou suka laƙaba wa Mai Inabi. Duk wanda ya yi fataucin jakunkuna daga kasuwar Shiling da ke gefen Guangzhou zuwa Kano a waɗancan shekarun ya san shi: gajere, mai farar hula, Larabci a bakinsa kamar wanda ya yi zaman Makka. Hausa kuwa a bakinmu ya tsince ta, har da zagin da bai kamata ya koya ba. Amma yau ba zancen kasuwa zan yi ba. Zancen garinsu zan yi, da wata 'yar gona da ya bari, wadda tun yana raye ake son raba gidansu da ita.

Abu ɗaya ne ya riƙa haɗa mu faɗa. Kowace shekara, da kaka ta yi nisa, daidai lokacin da kasuwa ke ci kuma baƙi sun cika masauki, sai ya ce shi gida za shi. Ka yi lallashi, ka yi tsawa, duk a banza. Wata Juma'a a ƙofar Masallacin Huaisheng na tare shi na ce, "Haba Malam, wai me ake yi a garin nan naku da ba zai jira ba?" Ya ce, "Laoban, inabi za mu binne." Laoban shi ne maigida a yarensu, kuma da shi yake tsokanata. Na ce to wallahi bana ƙafata ƙafarka, sai na ga wannan abu da idona.

Garin yana can arewa maso yamma, nesa ƙwarai da Guangzhou, a gindin wani dogon dutse. Ƙaramin gari ne, titi ɗaya ya raba shi biyu. Masallaci na wannan ƙarshen, kamfanin giya na wancan ƙarshen, tsakaninsu gidaje masu jan bulo da shagunan taliya da na naman rago. Da na ga kamfanin nan sai na ce Malam ina ka kawo ni? Ya yi dariya ya ce in bari in sha shayi tukuna.

A kan shayin, wanda suke zuba wa dabino da dunƙulen sukari, ya ba ni tarihin wurin. Da can babu gari, tsakuwa ce kawai da iska. Iyayensu daga tsaunukan kudu aka kwaso su, inda ruwan sha ma sai an tara na sama a rami. Aka jawo ruwa daga babban kogi, aka ce ga fili, kowa ya yi ta kansa. Alkama ta ƙi, masara ta yi da ƙyar. Mahaifinsa ne da wasu tsiraru suka gwada inabi, irin na ci, mai manyan 'ya'ya, sai ga shi ƙasar da ta ƙi komai ta karɓe shi hannu biyu. Daga baya masu ilimin abin suka gano cewa wannan tsakuwa da wannan rana su ne daidai abin da inabin giya yake so. Nan fa kamfanoni suka sauka. Suka riƙa karɓar gonaki haya na shekaru masu yawa, suna tumɓuke inabin ci suna dasa nasu mai ƙananan 'ya'ya. Akasarin mutanen garin suka bayar, suka koma leburori a gonakinsu na da.

Don haka za ka ga abin da ban taɓa gani ba a duniya: mata da ɗankwali sun rufe kai ruf, maza da farar hula, suna tsinkar inabin da ba za su taɓa ɗanɗana abin da za a yi da shi ba. Ladan ya kira salla su ajiye almakashi su tafi masallaci. Ni da na zo da bakina cike da hukunci, na fara zubawa. Malam Yusufu ya tsayar da ni. Ya ce, "Ka taɓa ganin uwa tana wanke yara uku da ruwan ƙwarya ɗaya? Su sun gani. Ni ba zan ba da tawa ba, amma ba zan zage su ba." Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji ya yi a kan lamarin, kuma har ya koma ga Allah bai sauka daga kanta ba.

Gonarsa ba wata babba ba ce, layuka ne da za ka zagaye kafin shayinka ya huce, gonakin kamfani sun kewaye ta ta ko'ina. Binnewar kuwa gaskiya ce. Sanyin wurin busasshe ne, in ya sami itacen inabi a tsaye sai ya ƙona shi ƙurmus. Saboda haka bayan an tsinke 'ya'ya sai a yi masa aski, a kwance shi daga wayar ƙarfen da aka ɗaure shi a jiki, a kwantar da shi ƙasa a hankali kada ya karye, mutum ɗaya ya danne, sauran su tula masa ƙasa da shebur har ya ɓace. In sanyi ya wuce a tono shi a ɗaure. Na karɓi shebur don in nuna musu ni ma jikan manoma ne. Kafin azahar bayana ya riƙe, matarsa ta fito tana yi mini dariya tana cewa a kai baƙo ɗaki kafin a binne shi tare da inabin.

A irin wannan lokaci ya rasu. Ya sauka gida da niyyar aikin, ko shebur bai ɗauka ba zuciyarsa ta tsaya. Na isa ta'aziyya an riga an kai shi, na tarar da gidan cikin kuka biyu. Ga rashin maigida, ga inabi a tsaye kan waya, sanyi kuma ya fara leƙowa. Wakilin kamfani ya zo gaisuwa, mutum mai ladabi, ban ce ya yi wani laifi ba. Ya ce suna da injin binnewa, in gwauruwar ta amince da haya za su rufe gonar kafin yamma. Ta ce za ta yi tunani.

Washegari da safe na ji ƙarar ƙarfe a waje. Na leƙa sai ga maƙwabta, waɗancan leburorin kamfanin da na so in zaga, sun bar aikin yininsu sun zo da shebur, ƙila ma wanda suka haƙa kabarinsa da shi. Babu wanda ya kira su. Suka shiga layi suka yi ta aiki shiru har suka rufe gonar kaf, suka ƙi ko zama cin abinci. Na tsaya a bakin gona na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Tun daga ranar nake cewa wanda bai je garin nan ba ya kama bakinsa a kan mutanensa.

To yau fa, da Malam zai ɗago ya duba, me zai gani? Zai ga an faɗaɗa titin, motocin 'yan yawon buɗe ido suna tsayawa ana ɗaukar hoto a cikin gonaki. Zai ga samari sun watse birane, masallaci ya koma na tsofaffi. Waɗanda suka binne masa inabi gwiwa ta fara ba su matsala, wasu ma sun bi shi. Na san ba zai yi mamaki ba, don shi mutum ne da bai cika mamakin duniya ba. Abin da zai fara tambaya shi ne wa ke kan gonar.

Wannan tambaya ce ta kawo 'yarsa Maryam wurina bara. Ita kaɗai ya haifa, ta yi karatu, tana aiki a wani ofis a unguwar Tianhe cikin Guangzhou, kuma Baffa take kirana don haka ubanta ya koya mata. Ta ce mahaifiyarta ta gaza, maƙwabta sun yi iya yinsu, kamfani kuma ya dawo da maganar haya. Ta ce, "Baffa, kai ka san shi fiye da kowa a nan. In na bayar, zai yi fushi da ni?" Na so in ce mata ƙwarai kuwa, don raina bai son a bayar. Amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Na ce, "Ubanki bai taɓa fushi da wanda ya bayar ba, ke ma ba zai yi da ke ba. Shi dai da hannunsa ba zai bayar ba. Iyakar abin da na sani ke nan." Ta yi godiya ta tafi. Na ce a raina shi ke nan, gona ta tafi.

Ashe ajiye aikin ta yi. Kai, yarinyar nan! Wadda hannunta bai san komai ba sai kwamfuta, ta koma gida ta sa takalmin roba. Ta kira ni ta ce tafin hannunta duk ya yi kanta, ina jiyo wata tsohuwa a bayanta tana yi mata faɗa wai tana karya itace. Kuma ta karya ɗin. Da aka tono bayan sanyi, layuka da dama ba su tashi ba, ta kira ni tana kuka. Sauran suka tashi. Bana ta sayar da abin da ta samu ga masu shagunan 'ya'yan itace, ta sake dasa inda ya mutu, tana kuma koyon sayarwa ta waya kamar yadda 'yan zamani suke yi. Ba zan ce ta yi arziki ba, albashinta na da ya fi wannan nesa ba kusa ba, kuma ita ma ta sani.

In an tambaye ni abin da ya rage na Malam Yusufu, ba zan ce suna ba, don sababbin fataken da ke cika Shiling yanzu ba su taɓa jin labarinsa ba, wayarsu ce ke yi musu tafinta. Abin da ya rage hali ne: mutum ya tsaya a kan abin da ya yarda da shi ba tare da ya tozarta maƙwabcinsa ba. Na ga malamai da yawa da suka iya rabin farko, na ga 'yan kasuwa da yawa da suka iya rabin ƙarshe. Wanda ya haɗa biyun a rayuwata, shi ne. Allah ya yi masa rahama, ya sanyaya makwancinsa.

A makon da ya wuce na kira gidan, mahaifiyar Maryam ta ɗauka, muka yi ta fama da guntun yaren da kowa ya tsinta na ɗan'uwansa. Ta ce wakilin kamfanin ya sake zuwa, da ladabinsa kamar kullum, ya zauna ya fara yi mata bayani. Ta bari ya gama shan shayinsa, sannan ta ce masa ita yanzu ba ta da ta cewa. Ta kai shi bakin ƙofa, ta nuna masa Maryam can tsakiyar layi, ƙasa har gwiwa, tana kwance inabi daga waya. Ta ce, "Ga mai gonar can, je ka tambaye ta." Ya tsaya ya hangi Maryam, sannan ya shiga motarsa bai je ba.