Hannun Kimsara a Tukunyar Dashe

A ƙauyenmu na kan dutse, idan damina ta kankama, babu matar da za ta ɗora tukunyar lemar kwaɗi ba ta fara biyawa da kwandonta ta ƙofar Kimsara ba. Za ka same ta zaune a bakin baranda, ƙafa ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa, lauje a gefenta, tana juye kwandunan mutane a tabarma tana yi musu faɗa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta iya daddaɗar magana ba, wannan kowa ya shaida. Amma duk shekarun da ta yi tana wannan aiki, ba a taɓa fitar da gawa daga gidan da ya ji maganarta ba.

A wurin uwarta ta koya, can rugar tudu inda mu ’yan ƙabilar Magar kan kai shanu su yi damina. Tana ƙaramar yarinya ta ga an fito da maƙwabtansu, gida guda cur, an nufi bakin kogi, inda muke ƙona gawa, da gawarwakinsu a jere saboda miyar rana ɗaya. Tun daga nan ta kafa dokarta: ba ta duba lemar da aka yanke. In ka kawo mata hulunan lemar zalla, sai ta watso maka su ta ce, “Ina ƙafarta? Ka taɓa sayen akuya ba ka ga ƙafa ba?” Sai dai a sa lauje a tono ta har gindi.

Ta san su kamar yunwar cikinta. Ta juji mai kyau fara ce, ƙunshe kamar ƙwai, ƙarƙashin hularta ja-ja tana ƙarama, in ta manyanta ya koma kalar hanta. Akwai wata siririya da ke fitowa a kan ɗanyen kashin shanu, in ka matsa ta sai ta yi shuɗi. Ita ce wani makiyayi ya ci ya wuni yana gaisawa da duwatsu yana tambayarsu iyali. Sai kuma wadda Kimsara ba ta ko son kiran sunanta, fara sama da ƙasa, gindinta a cikin wata ’yar jaka binne a ƙasa. Wannan ba ruwanta da juji, a saiwar manyan bishiyoyi take zama. Muguntarta kuma ita ce ba ta gaggawa. Takan bar mutum ya wuni yana aiki yana dariya, sai ta gama shiga jini sannan ta nuna kanta.

To mu kuma muna da tamu maganar da muka gada. Da kashin saniya muke shafe daɓe, da shi muke tsarkake wurin bauta, don haka kowa ya yarda cewa abin da ya tsiro a cikinsa ba zai kashe mutum ba. Kimsara ba ta taɓa tsayawa musu a kan haka ba, tunda dai mai jakar ba ta zuwa juji.

Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da ɗa guda, Jitman. Shi kuwa ya yi shekaru yana aikin gini a ƙasar Larabawa, ya dawo da ’yan kuɗinsa da taurin kansa, ya rushe tsohon turken shanu ya yi sabo mai rufin kwano, ya kwashe jujin taki ya mai da shi can bakin daji, gindin wata ƙatuwar bishiya, wai warin na shigar masa ɗaki. Uwar ta yi mita har ta gaji. A shekarar ya auro Bimkala, ’yar wani gari a bakin titin Katmandu, yarinya mai kunya da son ta burge, wadda ta saba ganin lema a wanke a cikin leda a kasuwa.

Ranar dashen shinkafarsu aka yi gayya. Tun da safe rabin ƙauye ya gangara fadamar bakin kogi, Jitman na riƙe da garmar shanu. Girkin gayya kuwa na amarya ne, shi ne karon farko da gari zai ɗanɗana hannunta, kuma a nan ake yanke mata hukuncin da zai bi ta har tsufa. Kimsara ta ba ta gari da kayan miya ta tafi yankan ciyawa, don ba ta son a ce ta tsaya a kan yarinya.

Da hantsi ya yi ta dawo, ta tarar an riga an gangara da abinci. Ta kwashe kashin turke ta kai juji. Tana cikin juyewa idonta ya kai kan wasu fararen kututturan lema a gefen tulin, an yanke su tas da wuƙa. Ta durƙusa ta tono na farko, gindi sumul, na kirki ne. Na biyu ma haka. Ta matsa can inda takin ya yi sirara a kan saiwar bishiyar, ta sa lauje ta ɓanɓaro wani. Ga jakar nan, fara, cike da ƙasa. Ta ƙara tonawa, ta sami wasu irinsa a jere.

Ta ƙwala ihu daga bakin gangare, amma ina. Ga ruwa na zuba, ga kogi na ruri, ga matan can ƙasa suna waƙar dashe. Ta soke laujen a ƙugu, ta damƙe kututturen mai jakar a hannu ta kama hanya.

Wanda bai taɓa gangara dutsenmu da damina ba ba zai gane ba. Matakalan duwatsu ne masu gansakuka, mai lafiya ma da lallami yake bin su, balle tsohuwa mai gwiwa ɗaya. Tana hango ’yan gayyar ƙanana a ƙasa, suna fitowa daga taɓo suna wanke hannu a bakin kwari. Ta zame ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, a nan kututturen ya suɓuce ya gangara cikin ciyawa. Ba ta tsaya nema ba. Sauran hanyar da gindi ta ja ta, matsattsaku na kama ƙafafunta, tana kiran sunan ɗanta har muryarta ta dushe.

Ta iso an jera ganyen cin abinci a kan kunya, an rarraba tuwon tamba, Bimkala ta buɗe tukunyar miya ludayi a hannu.

“Ajiye ludayin nan!”

Kowa ya juyo. Ga Kimsara taɓo har ka, jini na bin ƙwaurinta.

“Kada wanda ya taɓa miyar nan. Akwai mai jaka a ciki.”

Harkaman, ƙanen mijinta, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ya kwashe da dariya. “Matar yaya, da aljanu kika yi kokawa a hanya? Wace mai jaka? Amarya, ina kika ciro su?”

“A jujin gida, Baffa,” in ji Bimkala.

“To kun ji. A juji! Matar yaya, tsufa ne ya fara taɓa ki? Yaushe kashin saniya ya fara haifar dafi?”

“Ba kashin ne ya haife ta ba, sakarai, bishiyar ce. Ta ƙarƙashi ta ɓullo. Da hannuna na tono ta.”

“Ina take?”

Ta buɗe hannunta, ba komai sai taɓo.

Harkaman ya juya wurin amarya. “Kin sa timur?” Yana nufin ɗan yajin nan mai sa harshe ya mutu, wanda mutanenmu suka ɗauka yana kashe kowane dafi.

“Na sa da yawa. Har zoben azurfata na jefa, bai yi baƙi ba.”

“Shi ke nan. Zuba mana, ’yata, yunwa muke ji. Surukarki ta ga gari zai yabi girkin da ba nata ba, shi ne ta gangaro da gudu.”

Matan suka yi ƙasa-ƙasa da dariya. Ni har yau in na tuna wannan dariyar raina ɓaci yake, domin babu ɗaya a cikinsu da Kimsara ba ta taɓa tsince wa mutuwa daga cikin kwando ba. Amma mutum in ya wuni a sunkuye cikin taɓo, ga ƙamshi na dukan hancinsa, kunnensa toshewa yake. Harkaman ya miƙa ganyensa, Bimkala ta dubi mijinta, ya gyaɗa mata kai, ta tsoma ludayi.

Kimsara ta matso bakin tukunyar. Ta tura yatsunta huɗu cikin bakinta, ta fito da su sharkaf da yawu, ta luma hannun cikin tukunyar har wuyan hannu, da zafinta da komai, ta juya.

Kowa ya ja da baya. Abincin da bakin wani ya taɓa ya zama juto, kuma ko yunwa za ta kashe mutum ba zai ci juton wani gida ba. Harkaman ya janye ganyensa kamar ya ga maciji. A ce uwar gida ta ɓata abincin gayya da yawunta a gaban waɗanda suka bar gonakinsu suka zo taya ta, wannan abin kunya ne da ba mu taɓa ji ba. Bimkala ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

Kimsara ta sauke numfashi, a ganinta ta gama. Ta manta abu ɗaya.

Jitman ya taso, idonsa jajur. Ya dubi matarsa tana kuka, ya dubi mutane suna kallonsa. “Inna, kin kyauta,” ya ce. “Amma juton uwa ba ƙazanta ba ne a wurin ɗanta. Da bakinki kika tauna kika ba ni ina yaro.” Kafin ta ɗago daga durƙuson da take, ya kamfato miyar da tuwo ya kai baki, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Sai da ta rarrafa ta hankaɗe tukunyar ta kife cikin taɓo.

“Sa yatsa ka amayar! Jitman, amayar da shi!”

“Miya ta yi daɗi, amarya,” ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, ya lashe hannu.

Ta riƙe ƙafarsa tana roƙo. Ta ce ya bar komai ya kama hanyar asibitin gari yanzu, tun abin na cikin tumbi. Ya ce lafiyarsa lau, a dube shi. Ya ce ruwa na gona, shanu na ɗaure da garma, irin da aka tuge ba zai kai gobe ba, kuma ba zai bar mutane a taɓo ya tafi yawon asibiti saboda mafarkin tsohuwa ba. Harkaman ya sa baki, wai in an ga alama ai sai a tafi. Ita kuwa ta san ranar da aka ga alama, an makara.

Ta saki ƙafarsa. Ta dubi inda miyar ta kife, ga yankakkun farare nan kwance a kan taɓo. Ta san ɗanta. Ba zai tafi don kansa ba ko za a yanka shi. Ta sa hannu biyu ta kwaso, ta tsince farare zalla, ta cusa a baki ta tauna ta haɗiye, ta ƙara, idonta cikin nasa.

“Inna! Me kike yi?”

“Ka ce ba komai, ai sai in taya ka ci.” Ta goge baki. “Ni dai na san abin da na ci. Ƙafata ba za ta kai ni titi ba. In ka ga dama ka koma kan garmarka, in zauna nan in mutu kana kallo, gari ya shaida.”

A lokacin ne dariya ta bar fuskarsa, domin ya san uwarsa ba ta wasa da wannan abu. Ya fizgo babban kwandon da aka kawo abinci, ya ɗauke ta ya sa a ciki, ya goya shi a baya ya rataya igiyar a goshi, yadda muke ɗaukar kaya a dutse. Wasu maza biyu suka bi shi don su karɓe shi a hanya, bai ba su ba. Tun daga fadama har bakin titi faɗa yake mata, tana bayansa tana cewa ya rage surutu ya ƙara sauri.

Sun sami mota da yamma. Suna shiga ƙofar asibiti cikinsa ya fara murɗawa, ya durƙushe a nan. Aka kwantar da su gado kusa da gado, ana ɗura musu ruwa. Shi mai ƙarfi ne, kuma an kama abin da wuri. Bayan ’yan kwanaki ya tashi zaune ya nemi abinci. Ita kuwa idanunta suka yi rawaya, jikin ya ƙi karɓar magani.

Ya ja kujera ya zauna kusa da kanta. Can ya ce, “Inna, ai da kin yi kamar kin ci kin tofar. Da ban gane ba.”

“Da ka gane,” ta ce. “Ɗana ne kai.” Ta lumshe ido, sai kuma ta buɗe. “Kada ka bari a ga laifin yarinyar nan. Ba wanda ya nuna mata.”

Da ya dawo ƙauye, mutane suna kan kunya suna cirar ciyawa a shinkafar da suka ƙarasa dasa masa. Suka hango shi yana hawowa a hankali, ya rame, kwandon rataye a goshinsa. Harkaman ya fito daga taɓo ya tare shi a hanya, ya leƙa ciki. Babu komai sai laujenta da mayafinta a naɗe.