Maryam da Ƙarfen Taga

A unguwar Kara-Kara ta Damagaram an daɗe ana cewa Maryam Kolo mai gyaran ordinata, wato kwamfuta, tana da aljani. Wai ba ta buɗe na'ura sai ta tuɓe awarwaro, ta dafa ƙarfen taga ta gaishe shi. Na ji a gidan suna, na ji a motar Mirriya. Ni kuwa na san "an ce" ba shi da uba, don haka na je shagon da ƙafata.

Da hantsi take buɗewa. Ta goge tebur, ta jera ƴan sukurdirebobinta, ta kunna tsohuwar rediyon mahaifinta, Malam Kolo Babarbare, wanda a gabansa ta koyi liƙa waya da dalma kafin ta tafi karatu Yamai. Yanzu furfura ta fara leƙowa ta gefen kallabinta. Alhaji Auwalu, Bakanon da ke fotokopi kusa da ita, ya shaida mini sau da yawa ta hana shi sayen sabuwar na'ura, ta ta da tsohuwar. "Amma bakinta, Hajiya," in ji shi, "sai mai haƙuri."

Ina zaune sai ga Yunusa, mai kula da na'urorin wata ƴar tashar rediyon karkara ta wajen Gouna, rungume da babbar ordinata. Bayansa wani dattijo, Baba Mutari mai gadin rediyon, ido jawur.

"Tanti, ta mutu," in ji Yunusa.

Ashe yana cikin sabunta biyos ne, wato ɗan karatun da ke cikin wata ƙwaya mai kamar wake a jikin babban allon ciki, wanda ke ta da ordinata daga barci. Aikin ba ya son yankewa ko kaɗan. Ya leƙa waje, sai hadari ya taso. Baba Mutari ya yi abin da kowane gida ke yi a Damagaram in aka fara walƙiya: ya bi bango ya zare kowace waya. Tun daga nan na'urar ba ta ƙara buɗe ido ba, rediyo ta yi shiru, shugabanni kuma suka ce in ba ta tashi ba tsohon ya ajiye makullai.

"Ƴata, tun ina yaro haka aka koya mana," in ji tsohon. "A wannan shekarun wa zai ɗauke ni gadi?"

Maryam ta ce, "Baba, zauna ka sha ruwa. Suma ta yi." Ta juya wajen Yunusa. "Kai kuma, sarkin ƴan gaggawa, wa ya aike ka taɓa biyos da damina, sama ta yi baƙi ƙirin?"

Na zuba ido. Ta tuɓe awarwaro, ta dafa ƙarfen taga, sannan ta buɗe cikin. Ta maƙala wa ƙwayar wani ɗan matsefi mai waya, ta haɗa da tata ordinatar. Sai da ta kwafe guntun karatun da ya rage ta ajiye, kana ta zuba lafiyayye daga wajen maƙeran na'urar. Aka kunna. Fanka ta juya, fuskar ordinatar baƙa wuluk. Baba Mutari ya soma salati.

Maryam ta sunkuya kan allon. Ta ɗauki gilashin ƙara gani, ta bi ƙananan rubutun jikin allon, ta yi tsaki. Allon na da ƙani mai kama da shi, karatun ƙanin ta zuba. Ta nemo na ainihi, ta sake. Sai muka ji "ƙit", haske ya cika fuska. Tsohon ya rufe ido da hularsa.

"Ku gaya wa shugabanninku su sayi batirin da ke riƙe kuran, wato lantarki," ta ce. "Baba kuma ya ci gaba da zare wayoyinsa, ya dai riƙa tambaya tukuna."

Maryam, ke ce ba ki taɓa cewa "ta mutu" ba sai kin duba. Ɗiyar Kolo, mai ta da sumamme! Mun gode, Allah ya ƙara wa idonki haske. Ƴan matanmu da ke lakwal kuna karatun boko, ga hanya nan a buɗe. Ku je ku zauna kusa da ita tun tana da ƙarfin yi muku faɗa.

Kafin in tafi na tambaye ta batun tagar.

"Inna, jikin mutum na tara ɗan kuran, irin mai tartsatsi a mayafi. In ya shiga ƙwayar sai ya ƙone ta. Ƙarfen ke kwashe shi."

Babu aljani a shagon Maryam. Rediyon Gouna na magana, Baba Mutari na bakin ƙofarsa da makullai.