Ƙofar Birni Cikin Hazo

A Gidan Sori na tashi, a hannun kakata Inna Tsahara, mahaifiyar babana. In sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i sai ta hura karan gero a bakin ɗakinta, ta tura gujiya cikin toka, mu jikokinta mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya samu wurin zama.

"Ga ta nan tahe, ku ba ta hanya," in ji ta.

Mu ce, "Ta iso mu ji ta."

Tana da na Gizo da na kura da yawa, amma akwai wadda take yi sau ɗaya a shekara, ita ce ta Hajo. Hajo tana da ɗa guda, ya tafi ci-rani wani birni na bakin kogi. Damina ta faɗi bai dawo ba, wata ta sake faɗuwa, shiru. Sai ta ɗaure ƙunshinta ta bi ayarin fatake. Sun iso da almuru, an gama ruwa, hazo ya taso daga kogi ya rufe birnin, ko ganuwa ba a gani. Fatake suka ƙosa, suka kora jakunansu cikin hazon, suka kwana suna zagaye fadama. Hajo kuwa ta zauna bisa dutse, ta kafa ido wuri ɗaya. Can sai ta ga ɗigon haske. Ba ta motsa ba. Wani ya fito kusa da shi, sai wani, har fitilun birnin suka nuna mata tsawon ganuwa da inda ƙofa take. Ta tashi ta shiga.

Nan Inna take tsayawa.

"Inna, ta same shi?"

"Ta samu ƙofa dai. Ku tashi ku kwanta, wuta ta mutu."

Mukan yi ta magiya, ita kuwa sai ta hau tone gujiya tana raba mana.

Da na gama lakol, wato makarantar boko, na tafi Yamai, na koyi ɗaukar hoto, shi ne sana'ata har yau. Bara da damina wata mujalla ta nemi hoton birnin da dare. Na haye gada zuwa ɗaya gaɓar bayan an ɗauke ruwa, na iske hazo kwance bisa kogi, dogayen gine-ginen sun ɓace. Irin wannan hoton ba a ɗaukarsa da ƙiftawa ɗaya. Kamara ake kafawa bisa ƙafafunta uku, a bar idonta buɗe kamar rabin minti tana tara haske kaɗan-kaɗan. Ko yatsa ka sa mata, aikin ya lalace. Sau huɗu ina ɓatawa don gaggawa. A na biyar na sa hannuwana aljihu na tsaya. Da hoton ya fito, ga benaye, ga hasumiyar masallaci, ga fitilun gada a jere, duk abin da idona bai gani ba. Masu wucewa ta gabana kuwa ko ɗaya bai fito ba.

Da na je gida hutun sallah na nuna wa babana hoton a salula. Na ce, "Baba, ka ga birnin Hajo na tatsuniyar Inna, Allah ya jiƙanta."

Ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya ce, "Ai ba tatsuniya ba ce. Ina da wa, Isa, ba ka san shi ba. Ya tafi ci-rani kudu tun ina yaro. Inna da kanta ta bi shi, ta yi wata guda tana zaman tashar mota tana duba fuskar duk wanda ya sauko. Ita kaɗai ta dawo."

Shekara da shekaru na ɗauka darasin labarin shi ne mai haƙuri yana ganin abin da mai gaggawa bai gani ba. Gaskiya ne, da shi nake cin abinci. Amma yanzu na san haƙuri bai yi wa Inna alkawarin kome ba, kuma ta yi shi. Mun yi ta jin haushinta don ta hana mu ƙarshen labari. Ashe ita ma jiransa take yi.