Malam Hambali da Tarihin Ƙasar da Ba a Je Ba

Gardama ɗaya Malam Hambali na Fagam ya taɓa faɗuwa, kuma a tsakar gidansa. Ya bugi ƙirji ya ce babu shekarar da za a ambata bai faɗi abin da ya faru a cikinta ba. Matarsa Inna Kubra tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "To Malam, wace shekara ka yi alkawarin gyara rufin ɗakina?" Sai ya suri buta, wai lokacin salla ya yi. Da hantsi!

Ɗan makiyaya ne da boko ya sace. Shekara talatin yana koyar da tarihi a Birnin Kudu, yana jan ɗalibai cikin duwatsu su ga zanen shanun da mutanen dauri suka bari. Da yara suka guji darasin, wai ba ya kawo aiki, aka mayar da shi mai buga ƙararrawa. Haka ya yi ritaya ya koma ƙauye, da ilimi cike da kai, babu mai saye.

Ɗansa Jafaru ya haye Amurka, ya bar masa 'yarsa Nasiha, marainiyar uwa. Tana shekara goma sha ɗaya ya bugo waya ya ce a cire ta daga makaranta, takardun tafiyarta suna hanya, a koya mata tarihin Amurka a gida don kada ta je baƙuwa. Takardun nan, in kan jaki aka ɗoro su, da tuni sun iso. Shekara huɗu ke nan. Littattafai dai sun zo, guda uku, kowanne ya isa matashin kai.

Malam ya fara da mai jerin shugabanni. Nasiha ta yi hamma har ana hango abin da ta ci jiya.

"Amaryata, karanta mana," in ji shi.

"Tsoho, ni sarakunan Gwaram ma ban sani ba, sai na wasu?"

Ya ɗauko na yaƙe-yaƙe, ta sa shi ƙarƙashin ƙafar gadonta da ta gutsure. Da yamma takan tsaya bakin zaure tana kallon ƙawayenta suna dawowa da farin hijabin makaranta. Malam yana gani, sai ya kau da kai.

A na ukun ya tsinci babin makiyayan can, masu kora shanu tafiyar watanni, har manoma suka zo suka kewaye filin da waya mai ƙaya. Ya karanta mata a bakin garke.

Ta miƙe zaune. "A can ma an toshe burtali? Kamar namu na hanyar Sara?"

"Har da kisa."

"Wa ya yi nasara?"

"Mai waya."

Ranar ta karɓi littafin da hannunta. Cikin wata biyu ta cinye shi, ta zaro na ƙarƙashin gado. Malam ya ga kan da aka bari yana tsatsa, ya rasa ko murna zai yi ko kuka. Bai shawarci kowa ba, ya ɗauke ta a babur ya kai Birnin Kudu, ya sa aka rubuta sunanta a makaranta, aji biyu ƙasa da sa'o'inta.

Jafaru ya ji, ya bugo yana huci. Inna Kubra ta matso da kujera, don ba a gardama babu ita.

"Haba Baba! Na ce ta zauna gida. Kuma wai labarin shanu kake koya mata? Ka san wahalar ƙasar nan kuwa? Ba ku san komai a kanta ba!"

Malam ya gyara tabarau. "Na karanta littattafanka uku daga bango zuwa bango, Jafaru. Waɗanda suka je ƙasar da ƙafarsu na gani, suna samun wurin kwana suke aikowa a kai musu iyali. Waɗanda suka bar 'ya'yansu a baya ba waiwaye, bayi ne, a ɗaure aka tafi da su. Kai wa ya ɗaure ka?"