Zaga ta Ɗakin Ƙasa

Shekara goma sha tara muka yi gida ɗaya da Zagorka Miletić a unguwar Zemun da ke birnin Belgrade, ni a hawa na biyu, ita a ɗakin ƙasa inda a da ake tara gawayi. Shi ta mayar situdiyon naɗar waƙa, a ciki kuma take kwana. Zaga kowa ke ce mata.

'Yar garin Kruševac ce, ubanta direban jirgin ƙasa. Tana shekara sha bakwai ta fara waƙa a gidajen biki, daga nan ta taho Belgrade da akwati ɗaya. Ta yi wata waƙar soyayya da ta cika rediyo bazara guda, har a layin burodi sai ka ji mata na rera ta. Mijinta Milutin ne ke kaɗa mata jita. Da yaƙi ya ɓarke ya tafi Jamus neman aiki, wai wata shida. Wasiƙunsa suka yi ta raguwa har suka ɗauke. Ana cikin haka aka yi mata aiki a maƙogwaro. Muryar ta dawo, amma a dushe.

Sai ta koma bayan na'ura. 'Yan mata daga ƙauyuka ke zuwa da burin zama mawaƙa, ita ta tsara musu kiɗa, ta koya musu inda ake jan numfashi. Inda muryar yarinya ta yi siriri, sai ta shimfiɗa tata a ƙarƙashi yadda ba mai ganewa.

Wata rana na ce, "Maƙwabciya, ban ga sunanki a kwalin faifan nan ba."

"Duba can ƙasa, Jelica, kusa da na mai hoto."

"Ko da tabarau ban gani ba."

"To tabarau ɗinki ne suka tsufa, kamar mai su."

A cikin 'yan matan, Dušica 'yar Leskovac ce ta shiga ranta. Shekara biyu suna ci a kwano ɗaya, yarinyar na ce mata Goggo. Da sunanta ya fito, wani babban kamfani ya ɗauke ta. Zaga ma ta taya ta haɗa kaya.

Ranar slava, bikin waliyyin gidan su Zaga, Dušica ta yi alkawarin zuwa cin abincin rana. Zaga ta dafa sarma, wato nama a naɗe cikin ganyen kabeji, tukunya guda, ta ari kujeruna biyu, ta kunna kyandir. Wajen ƙarfe uku direban Dušica ya kawo furanni da ɗan kati.

"Aiki ne ya riƙe ta," in ji Zaga. "Ni na koya mata kada ta yi wasa da aiki. Zauna mu ci, kada ya huce."

Kwana huɗu muna cin sarmar nan.

Daga baya kunnen Zaga ya fara nauyi. Ta haɗa wa wata yarinya waƙa aka dawo da ita, wai ganga ta danne murya. Ta sake, aka sake dawowa da ita. Ba ta jira na uku ba. Bara ta sayar da na'urorin ta koma gidan iyayenta, inda ba kowa sai ita.

Duk Lahadi nakan kira ta a waya. Ba ta jin maganata sosai, don haka ita ke yi, ni ina saurare. Makon jiya ta ce dusar ƙanƙara ta karya reshen wata bishiya a tsakar gida, ya tare mata hanyar rijiya, har yanzu ba ta sami mai sare shi ba.