Akuyata da Dusar Fara

Ranar wata Laraba, saura kwana kaɗan a fara yankan gero, fara ta sauka a gonakinmu na Ruma. Zamanin Turawa ne, ina da shekara tara. Uwata ta rasu da bazara, ubana yana can fatauci, gidan daga ni sai kakata Iya Dije, sai wata jar akuya da uwata ta bar mini. Da ita nake zuwa itace, da ita nake zama a gindin tsamiya, ina carafke ni kaɗai tana kwance tana tuƙa. Cikinta wata biyu a lokacin.

Washegari malamin gona na En'e, wato hukumar gargajiya, ya zo da buhunan dusa da aka cuɗa da guba, aka barbaza a bakin gonaki don fara ta ci. Sankira ya zaga gari yana cewa kowa ya ɗaure dabbarsa. Na ɗaure tawa, amma igiyar ta tsufa. Ina tsakar gida ina surfe ta tsinke ta fice. A bayan gonar liman na same ta tana lasar ƙasa. Kwana uku tana zawo tana rawar jiki, Iya tana ɗura mata nono da jar kanwa, har ta miƙe. Muka ce an tsira.

Bayan wata uku ta haifi biyu. Ɗaya bai zo da rai ba. Ɗayan kuma, ƙafafunsa na gaba a lanƙwashe, kansa ɗan ƙarami, ko nono ya kasa kamawa, sai in tatso in ɗiga masa da tsumma. Wani tsohon Bafulatani maƙwabcinmu ya duba shi, ya jinjina kai. "Yarinya, abin da uwa ta ci, na ciki ya fi ta jin sa," in ji shi. Kwana biyu ɗan akuyar ya yi, ya mutu. Ni na haƙa masa rami a bayan rumbu. Akuyar ta yi mako tana kuka a turke, ni kuma ina zaune kusa da ita, ba mai ce mana sannu.

Yau jikata tana karatun likitan dabbobi. Ta ce mini a ɗakin gwaji suna ba ɓeraye masu ciki irin wannan guba, su ga yadda take ɓata ɗan tayi, su rubuta. Mu ba mu da mai rubutawa. Gonaki kuwa yanzu kowa da tankin feshi a bayansa, ba sankirar da ke gargaɗi. Ni dai in na hangi akuya mai ciki tana kiwo a bakin gona, ba na iya wucewa sai na kore ta.