Kwalaben Goggo

Kullum kafin ɗalibai su iso, Goggo ta riga ta buɗe ɗakin da ke ƙarshen baranda a kwalejin aikin gona. Takan rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta ja labule rabi, sannan ta fara zagayen kantoci. Ta ɗaga kwalba zuwa haske, ta leƙa, ta mayar. Wadda ta bushe ta yayyafa mata ruwa da yatsa. A cikin kowace kwalba akwai ganye ko ɗan reshe mai ƙululu, wani mulmulalle, wani mai gashi, wani kamar ƙaho. An rufe bakin da ƙyalle, an ɗaure da roba.

Wannan ne karo na farko da na rubuta abin da wasu za su karanta, don haka a yi mini uzuri idan na yi tuntuɓe. Babana direban kwalejin ne, kuma a ɗakin nan nake jiransa da littafina bayan an tashi makaranta, domin nan ne kaɗai ba a tambayata me ya sa ba na magana. Goggo ba ’yar’uwarmu ba ce. Haka kowa ke kiranta, har shugaban sashe.

Ita ta fara nuna mini cewa ƙululun nan ɗaki ne. Ƙwaro ke saka ƙwai a jikin ganye, ɗansa ya sa itacen ya kumbura ya kewaye shi, bango a waje, abinci a ciki. Malaman sashen sukan ce kakannin ƙwarin nan a da cin ganye kawai suke yi. Waɗanda ganyen ya ɗan kumbura ya rufa musu asiri su suka fi tsira, ’ya’yansu suka gaji abin, zamani bayan zamani, har kowane iri ya sami fasalin ɗakinsa. Goggo takan saurara ta gyaɗa kai, sannan ta faɗa mana da nata bakin, wai baƙo ne marar kunya, ya sa mai gida ya gina masa ɗaki, ya ciyar da shi, ya tafi ko sallama babu.

Aikinta jira ne. Ba a sanin wane ƙwaro ya gina wane ɗaki sai ya huda ya fito da kansa. Wani ba ya daɗewa, wani ya shekara, wani har ya wuce. Ɗalibi mai gaggawa yakan zaro reza, Goggo ta karɓe ta tana dariya, ta ce idan ya tsaga, farar tsutsa marar suna zai gani, kuma ya kashe ta. Wani sa’in ma ba mai ɗakin ke fitowa ba, sai wani ƙwaron da ya kutsa ya cinye shi. Wannan takan kira shi ɗan kutse, ta yi masa faɗa kamar yana ji.

Da ƙyallen kwalejin ya ƙare, sai ta shiga yaga tsofaffin ɗankwalayenta tana rufe kwalaben. Haka kantocin suka zama tarihinta. Shuɗin nan na shekarar da ta aurar da babbar ’yarta ne, mai ɗige-ɗigen na lokacin rashin mijinta. Wani tsohon ɗalibi, wanda yanzu yake koyarwa a sashen, ya gaya mini cewa ya gama karatu ya tafi, ya fid da rai da kwalbarsa. Can bayan ya manta, sai ga Goggo a waya tana cewa ya zo, baƙonsa ya fito.

Goggo, ke ce uwar haƙuri. Ke ce mai jiran abin da bai yi miki alƙawarin zuwa ba. Sunanki bai hau bangon littafin kowa ba, amma aikin mutane da yawa a hannunki ya nuna.

Bana idanunta suka yi rauni, lokacin ritaya kuma ya yi. Ɗalibai sun ƙaru, ana buƙatar ɗakin, kuma babu mai kula da kwalaben da ƙwarinsu ba su fito ba tukuna. Shugaban sashe ya tambaye ta cikin ladabi ko a zubar. Ba ta yi musu ba, ta ce a ba ta zuwa ranar bankwana. A ranar, da aka miƙa mata abin magana, sai ta turo teburi cike da kwalabe. Ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya, malamai da masu shara da babana, har shugaban kansa, kowa ta danƙa masa tasa.

“Ba kyauta ba ce,” in ji ta, “amana ce. Kada a tsaga, kada a sa a rana.”

Tawa mai koren ƙyalle ce. Na ajiye ta kusa da taga, ummata tana kiranta shara, tana cewa wata rana sai ta haɗa da ita a tsintsiya. A makon jiya da safe na ga ɗan baƙin ɗigo yana tafiya a jikin gilashin. Na rungume kwalbar na nufi gidan Goggo. Ta ɗaga ta zuwa haske kamar yadda ta saba, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini.

“Ba na gani, ’yata. Ki faɗa mini. A hankali, kada ki tsallake komai.”

Na faɗi launin jikinsa, da tsawon ƙafafunsa, da yadda fukafukansa suka kwanta a bayansa. Ta rufe ido tana saurare.

“Mai ɗakin ne,” ta ce, tana murmushi. “Ya tsira.”

Goggo, mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya. Ku kuma da kuka karɓi kwalba a ranar nan, ku yi koyi da ita, ku yayyafa ruwa, ku jira. Idan naku ya fito, kada ku kira a waya. Ku je gidanta, ku zauna a gabanta, ku faɗa mata yadda yake.